Kwantai a Kan Faranti

Duk wanda ya tashi a gidan da ba ya rabo da baƙi ya san Hausawa na da magana biyu game da karɓar baƙo, kuma ba kullum ne maganganun nan suke jituwa ba. Ta farko ita ce wadda malamai suka koya mana tun muna firamare, wato shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ta biyu kuwa ba a rubuta ta a allo, a madafi ake jin ta daga bakin iyaye mata, cewa baƙo yakan manta da gaisuwarka tun kafin ya kai gida, amma abin da ka zuba masa a kwano sai ya shekara yana ba da labarinsa. Ni dai ta farkon na riƙa, har zuwa watan Oktoba na 2022, sa'ad da aka yi sunan 'yar Addata a gidanmu da ke Vinikilang, na ga yadda ta biyun ta hana mahaifiyarmu runtsawa dare shida cur.

Ga mai karatu da bai san wurin ba, Vinikilang tana tsallaken kogin Binuwai ne. In ka baro Jimeta ka haye gada ka miƙi hanyar Girei, ita za ta fara tarbarka, ga duwatsun Bagale tsaye daga gefe, Jami'ar Modibbo Adama kuma tana can gaba. Goggonmu, wadda ta yi zaman aure shekara talatin a Kano kafin ta dawo, har yau Binikilan take ce wa garin, don a cewarta harafin da ba ya cikin bakin Bahaushe ba ta ga dalilin wahalar da leɓenta a kansa ba. Kogin nan shi ne arzikinmu, shi ne kuma abin tsoronmu. Daga cikinsa ake kamo karfasa da tarwaɗa, a gefensa ake noman shinkafa da kayan lambu, in kuma ya ga dama sai ya tashi ya karɓi abin da ya bayar. Ya yi haka a 2012 ina yarinya, ya sake yi a damunar 2022, lokacin da ruwan sama ya yi yawa aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru a watan Satumba. A shekarar nan sama da mutum 600 ne ambaliya ta kashe a faɗin Nijeriya, saboda haka ba zan yi wa Allah butulci in ce mun fi kowa asara ba. Gidanmu yana kan tudu, ruwa bai taɓa shi ba. Gonar Baba ce ta tafi.

Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, shinkafar fadama ita ce rufin asirin gidanmu. A farkon damina ya sayar da ragowar ta bara ya sayi taki, yana lissafin cewa kafin Adda ta sauka sabuwa ta shigo gida. Shinkafar ta yi kyau, har ta fitar da kai, ruwa ya zo ya kwana a kanta mako biyu. Da ya janye, Baba ya je ya duba, ya dawo ya wanke laka daga ƙafafunsa a bakin randa, ya ce, "Allah ya ba mu, ya karɓi abinsa." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan gonar ba. Bayan kwana goma Adda ta haifi 'ya mace.

Haihuwar fari ce, don haka bisa al'ada a gida ta yi goyon ciki, a gida kuma za a yi suna. Rago da goro da dabino na wajen miji ne, wannan babu damuwa. Amma ciyar da matan da za su cika gida tun daga azahar har magariba, wannan kan iyayen mai jego yake. Masa, sinasir, tuwon shinkafa da miyar taushe, waɗannan su ne abin da ake sa rai, kuma dukansu shinkafa ce uwarsu. Abin da ya rage mana a buhu tiya huɗu ce, kuɗin da ke hannu kuwa magani da itacen wankan jego sun lashe shi. Ga shi kuma dangin mijin Adda mutanen cikin garin Yola ne, gidan da aka san shi da girki, ana kwatance da sinasir ɗinsu. Dada, wato mahaifiyarmu, Bafulatana ce ta ainihi. Ko sunan Adda ba ta kamawa saboda kunyar 'yar fari, ko jaririyar ba ta yarda a ga ta ɗauka a gaban mutane ba. Sai dai duk daren Allah ina jin ta tana juyi a kan tabarma, tana ƙirga mata da yatsu, ta kai saba'in ta dawo ta sake farawa, kamar dai ƙirgar ce za ta rage su.

Ni kuma a lokacin ina gida, domin malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun ranar 14 ga Fabrairu. Da zaman ya ishe ni na sami aikin wanke-wanke da yanke-yanke a madafin wani otal a Jimeta. Baba bai so ba da farko, ya ce 'ya mace da aikin otal ba su dace ba, sai da ya je da kansa ya ga ƙofar madafin daban take da ta baƙi sannan ya haƙura. Kukun wurin wani dattijo ne mutumin Garwa, wanda ya yi shekaru yana dafa wa wasu 'yan kwangila mutanen Italiya abinci a Duwala. Baba Kuku muke ce masa. Mutum ne mai faɗa, amma abu ɗaya ne yake sa shi ya fita hayyacinsa, wato ya ga an zubar da burodi. Yana gasa irin dogon burodin nan na Faransa mai kama da sanda, wanda mutanen Garwa da Ngaundere suke karyawa da shi da safe, su cusa masa wake ko kifin gwangwani. Burodi ne da ba shi da sukari ba shi da mai, saboda haka da ya kwana sai ya bushe ya yi tauri. Ranar da ya kama ni zan juye irin wannan a kwandon shara, sai da ya yi mini wa'azin da ko limamin Juma'a sai haka. A shekarar alkama ta yi tsada saboda yaƙin Rasha da Yukiren, har masu gidajen burodi suka yi yajin aiki na 'yan kwanaki a watan Yuli, ga ni ni kuma ina zubar da ita.

Daga nan ya koya mini abin da mutanen Italiya suke kira crostini. Ma'anar kalmar a harshensu ƙananan ɓawon burodi, kuma yankin Tuskani ne ya fi shahara da shi. Ana yanka busasshen burodi fale-fale, a shafa masa man zaitun, a gasa shi har ya yi ƙaras-ƙaras, sannan a ɗora wani abu a kai, lomar da ba ta wuce ɗaya ko biyu ba. Wanda suka fi ji da shi shi ne na hantar kaza da aka dafa da albasa aka niƙa, amma suna yi da tumatir, da wake, da cuku, da kifi. Ana ba baƙi shi ne kafin a kawo babban abinci. Abin da ya ba ni dariya shi ne, a otal ɗin nan manyan mutane suna biyan kuɗi mai kauri su ci wannan abu a liyafa, suna ɗauka da yatsu biyu cikin yanga, alhali asalinsa dabara ce ta manoma da ba sa son burodin jiya ya salwanta. Baba Kuku ya ce mini burodin yau ma ba ya yi, domin laushinsa ba ya barin wuƙa ta ratsa shi daidai. Sai wanda ya kwana.

Ana jibi suna, bayan lisha, na sami Dada da Goggo a tsakar gida na faɗa musu abin da ke raina. Na ce tiya huɗun nan a yi tuwo da ita don manyan mata da surukai, sauran jama'a kuwa a bar mini, zan tare su da wani abu da zai cika faranti ya cika ido.

Goggo ta dube ni ta ce, "Da me?"

Na ce, "Da burodi, Goggo."

Ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce, "Burodi! A sunan 'yar fari? Teburin mai shayi za mu buɗe? Ke da kike jami'a abin da aka koya miki ke nan?"

Na ce ai ba haka kawai za a miƙa shi ba, na shiga yi mata bayani, har na kai ga cewa wanda ya kwana ake nema, kuma ana samunsa a rabin kuɗi. Nan ne na yi kuskure. Goggo ta ce, "Kwantai ke nan. Kwantai za ki ba surukan yayarki." Kalmar nan ta faɗo tsakar gidan kamar an yar da tasa. Bahaushe bai ɗauki kwantai abin wasa ba. Yarinyar da ta dawo daga talla da kwantai ta san abin da ke jiran ta, mace ma in aka so a ci mata mutunci da wannan kalma ake jifanta. Ni kaina da na ji ta daga bakin Goggo sai na ji dabarar tawa ta yi mini ƙanƙanta.

Baba yana zaure yana jin mu. Ya leƙo ya ce, "Yaya, kin manta 1987? Da Babangida ya hana shigo da alkama, burodi ai sai gidan mai hali. A lokacin wanda ya zo maka da shi tsaraba ya girmama ka." Goggo ta ce wancan zamanin Gongola ne, yanzu kuwa ko almajiri ya raina burodi. Baba ya koma zaure. Dada ba ta ce komai ba sai da za mu kwanta, ta ce da ni a hankali, "In kin san ba za ki ba mu kunya ba, ki yi. Ba ni da wata hanyar."

Washegari na karɓi kuɗin aikina na wata tun kafin wata ya ƙare. Baba Kuku ya tara mini sanda tara na kwana biyu, ya sa aka rubuta a littafi na biya, don kada wani ya ce na ɗauka. Na ƙara da manyan burodi shida irin namu daga wani gidan burodi, su ma na jiya. A babbar kasuwar Jimeta na sayi tumatir da albasa da attaruhu da tafarnuwa da lemun tsami da ƙuli-ƙuli, a bakin gada na sayi bandar tarwaɗa, wadda ita kaɗai ce ta yi araha a wannan shekara, tun da ruwan da ya ci shinkafa ya bar kifi a kowane kududdufi. Man zaitun kuwa ko tunaninsa ban yi ba. A wurinmu a 'yar kwalba ake sayar da shi a shagon magungunan Musulunci, ana shafa wa mai ciwon jiki, kwalba ɗaya ta fi kuɗin galan ɗin rabin abin da nake nema. Man gyaɗa na saya, na gida, mai ƙamshi. Na cika Keke Napep da kaya na haye gada, mai keken yana tambayata ko shago zan buɗe.

A daren na yi abu ɗaya da na ga Baba Kuku yana yi da madarar kanti. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta kawo kindirmo ƙwarya guda, na juye shi a cikin sabon farin ƙyalle, na ɗaure, na rataye a reshen dalbejiya da kwano a ƙasa. Kafin asuba ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage a ƙyallen ya yi kauri kamar man shanu, ana iya shafa shi da cokali ba ya zuba.

Da aka shafa fatiha da safe, maroƙi ya yi shela, aka raɗa wa jaririya sunan kakarta ta wajen uba, maza suka watse da goro, mu kuma aikinmu ya fara. Yanka burodi kaɗai ya ci mana sa'a biyu, ni da ƙannena biyu da 'yar maƙwabta. Kaurin kowane yanka kada ya wuce na ɗan yatsa, in ya fi haka haƙori zai sha wuya, in ya gaza kuma ba zai ɗauki kaya ba. Sandar Garwa a karkace ake yanka ta don fuskar ta yi faɗi, kowace ta ba mu yanka ashirin da ɗoriya. Namu na gida kuwa sai mun yanka mun sake raba kowane yanka gida huɗu. Tun da ba mu da tanderu, na aro ragar waya wajen mai gasa masara na bakin titi, na ɗora a kan kurfoti biyu.

Zubin farko gaba ɗaya ya ƙone. Na manta cewa burodinmu na Nijeriya cike yake da sukari, sukari kuwa ba ya jure wuta. Kafin in juya na farko na ƙarshe ya zama gawayi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, Goggo tana daga ɗakin mai jego tana cewa, "To, ga kurostini nan ya fara." Yanka talatin suka tafi. Na zauna a kan turmi, hawaye ya cika mini ido, ban san ko na hayaƙi ne ko na takaici ba. Dada ce ta zo, ba ta ce mini uffan ba, ta ɗebi toka ta yayyafa a kan garwashin har jansa ya lafa, ta ɗaga ragar da duwatsu uku, ta koma wajen tuwonta. Ita ba ta taɓa jin sunan Italiya a girki ba, amma wuta ta san ta tun kafin a haife ni. Daga nan komai ya daidaita. A shafa mai da gashin kaza mai tsabta, a ɗora, a ƙirga kamar karatun Fatiha ɗaya, a juya, in ya yi ruwan zuma a sauke, a goga masa ɓarin tafarnuwa tun yana da zafi. Waɗanda za a sa wa kindirmo su kaɗai na ware ban goga musu ba.

Sai maganar hanta. An yanka rago da hantsi, aka shigo da kayan ciki. Na san in ina son abin nan ya amsa sunansa sai da hanta, amma hantar ragon suna ta mai jego ce, ita ake gasa wa don ta mayar da jini, kuma Goggo ce mai tsaron wannan doka. Ban ma iya buɗe baki na roƙa ba. Adda ce ta ji muna ƙus-ƙus da ƙanwata, ta kira ni ɗaki. Tana zaune ta sha lalle, jaririya a cinya. Ta ce, "Ki ɗauki rabi. In Goggo ta yi magana ki ce ni na ce ba na son ta da yawa, tana hau mini kai." Ƙarya take yi, duk gidanmu babu mai son hanta kamarta. Na yanka rabin ƙanana, na soya da albasa mai yawa a wuta marar ƙarfi har albasar ta narke, na sa citta da masoro da ɗan gishiri, na kuma ƙara abin da Baba Kuku bai koya mini ba, wato ɗan ƙullin daddawa. Mutanen Tuskani sukan sa wani ɗan kifi mai gishiri a tasu don ɗanɗanon ya yi zurfi, na ga aikin da kifin yake yi musu shi daddawa take yi mana. Na daka a turmi sama-sama. Rabin hantar rago, da taimakon albasa, ya shafe yanka saba'in.

Tarwaɗar na jiƙa ta a ruwan zafi, muka zauna muka cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, domin ƙaya guda a maƙogwaron suruka ta isa ta rushe duk abin da aka gina. Na marmashe ta kamar dambu, na soya da attaruhu, na matsa lemun tsami bayan na sauke. Tumatir kuwa shi ne mai ha'inci. In ka ɗora shi da wuri ruwansa zai jiƙe burodin ya koma kamar tsumma. Sai an yanka shi ƙanana, an cire 'ya'yan, an barbaɗa gishiri an bar shi a rariya ya zubar da hawayensa, sannan a haɗa da albasa da mai da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, kuma ba a ɗorawa sai baƙo ya zauna. Na kindirmon na ɗiga masa zuma, na ɗora ɓarin dabino daga ragowar na ɗaurin suna.

Da azahar mata suka fara shigowa. Na jera kayan a manyan farantan tangaran na auren Dada, waɗanda rabonsu da fitowa daga kabad tun bikin Adda, na cakuɗa launukan, ja da fari da ruwan ƙasa. Gaskiya sun yi kyau. Yara suka riƙa zagayawa da su. Da farko mata suka tsaya kallo, kowa na jiran wata ta fara. Wata 'yar budurwa daga cikin dangin miji ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ta tabbata na ji, "Au, burodi ne ashe." Sai ga Goggo ta fito daga ɗaki. Na ce a raina yau kashina ya bushe. Ta ɗauki na tumatir ta kai baki, ta tauna, ta yi shiru, sannan ta ce da ƙarfi, "Ke, wannan ai bandashe ne! Bandashen gurasa ne aka yi wa ƙananan kaya. Mu da muka zauna Kano mun ci na Jakara, me za a nuna mana?" Ta ɗauki na biyu. Ban taɓa lura da kamar ba sai a lokacin: gurasa, ƙuli-ƙuli, mai, albasa, tumatir. Bambancin kawai ita gurasa ana yayyafa mata ruwa ta yi laushi, wannan kuwa ana gasa shi ya yi ƙarfi. Da Goggo ta ba abin suna na gida sai hannuwa suka miƙo. Kafin la'asar faranti uku sun koma wanke-wanke.

Uwar mijin Adda tana ɗakin Dada tare da manyan mata, an kai musu tuwo. Ta aiko a kira wadda ta yi "abin nan na hanta". Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Dattijuwa ce mai kwarjini, ba ta da yawan magana. Ta ce ta yi ƙuruciya a Garwa wajen kakarta, rabonta da irin wannan burodi ta manta. Sannan ta juya yankan a hannunta ta ce, "Amma wannan ba na yau ba ne ko? Na yau ba ya yankuwa haka."

Na riga na shirya amsa tun daren jiya. Zan ce abincin Turawan Italiya ne, haka ake yin sa a manyan otal-otal, in lulluɓe kwantan da sunan waje yadda ba mai ganin sa. Kuma ba ƙarya ba ce. Na buɗe baki ke nan sai Dada, wadda ke zaune a bakin ƙofa kanta a sunkuye, ta riga ni. Ta ce, "Na jiya ne, Hajiya. Ruwa ya ci mana shinkafa bana. Abin da Allah ya hore ke nan."

Ɗakin ya yi tsit. Ni da na san Dada, na san abin da maganar nan ta ci mata. Mace ce da za ta kwana da yunwa ba ta bari maƙwabciya ta ji ba. Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ta faɗa, abin da na fi zato shi ne ta hango amsar da ke bakina, ta ga gara a san ta da rashi da a san 'yarta da rufa-rufa a gaban surukai. Hajiya ta ce, "Allah ya mayar da alheri." Matan suka amsa da amin. Ta cinye na hannunta, ta ce a ƙaro mata na kifi, ta ce da ni, "Usoko, 'yata." Aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba.

Kada mai karatu ya zaci daga nan kowa ya tafi yana yabo. Maganar ta zaga. Akwai waɗanda suka ce sun ci abin da ba su taɓa ci ba, har mata biyu suka aiko daga baya in koya musu. Akwai kuma waɗanda suka ce an je suna gidan malam an ba mutane busasshen burodi, kuma wannan ma ya dawo kunnen Dada, kamar yadda irin wannan magana ba ta ɓatan hanya. Wata tsohuwa marar haƙora ta yi mini ƙorafi a fili cewa na manta da irinsu, kuma tana da gaskiya, sai da aka jiƙa mata nata a romo.

Kwana uku bayan suna wata mota ta tsaya a ƙofar gida, yara biyu suka sauke buhun shinkafa, suka ce Hajiya ta ce a ba mai jego. Kowa ya san mai jego ba ta cin buhu. Baba ya fito ya yi godiya yadda ya kamata, ya sa musu albarka, motar ta tafi. Ya daɗe tsaye a zaure yana kallon buhun. Ranar da ya dawo daga gona da laka a ƙafa ban ga fuskarsa ta yi irin wannan nauyi ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana aika wa mutane shinkafa, yau ga ta an aiko masa, daga gidan surukai kuma. Ya ce a shigar da shi ɗakin Adda, kuma har ta gama arba'in ta koma, duk ranar da aka dafa daga buhun nan sai ya ce shi tuwon masara yake sha'awa.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aiki. Na je na yi sallama da Baba Kuku, ya tambaye ni yadda aka yi, na ba shi labari tun daga ƙonewar zubin farko har zuwa daddawa. Da ya ji daddawa ya riƙe kai, ya ce in da tsohon maigidansa na Duwala ya ji da ya suma, sannan ya ce in kawo masa ƙulli biyu in na sake zuwa.

Daren da zan koma makaranta ina haɗa kaya, Baba ya kira ni zaure. Ashe tun ranar suna ƙanwata ta ɓoye masa yanka biyar a gwangwanin madara, ba komai a kansu, ya kuwa ajiye bai taɓa ba. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya ya karya, ya ji har yanzu yana ƙara. Ya ce, "Kwana nawa yake yi bai lalace ba?" Na ce in an gasa shi sosai aka rufe, yana kai mako biyu. Ya jinjina kai, ya tsoma shi a shayinsa, ya ce in na tashi tafiya da safe in biya in mayar wa mai masara ragarsa, don ya aiko sau biyu.